Itacen Jego da Gawon Inna

A wajenmu ba a tambayar mace watan cikinta nawa, ƙofar gida ake dubawa. In aka ga maigida ya fara jibge itace a gefen zaure, gumagumai a ƙasa, faskare a sama, to unguwa ta gane. Sai masu wucewa su riƙa ce masa "Allah shi sauke lahiya," ba tare da an ambaci kowa ba. Itacen jego ke nan, wanda za a dafa wa mai haihuwa ruwan wanka da shi safe da yamma har ta yi arba'in. Namijin da matarsa ta haihu ƙofarsa fayau, zai daɗe yana shan magana a majalisa.

Haihuwata ta fari a gidanmu na Isa na yi wankanta, biyun da suka biyo baya a Gatawa, kuma ban taɓa jin itace ya zama abin magana ba. Ta huɗun ce ta same mu a Sabon Birni, bayan 'yan bindiga sun raba mu da ƙauye. Muka zauna a wani gida na bakin gari da dangin surukata suka ba mu aro, ni da maigida da yara da ita surukar tawa, wadda kowa ke kira Inna. Gonakinmu na Gatawa duk sun koma daji. Abin da ya rage mana gona ɗaya ce, wadda Inna ta gada wajen mahaifinta, nan bayan gari inda ana iya jiyo kiran salla. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon gawo, mutum biyu ba su haɗa hannu a gindinsa.

Wanda bai yi noma ba zai ce ai itace ne kamar kowane. Gawo kuwa halinsa daban ne. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta ratsa ta sami shukar da ke ƙarƙashinsa. Da rani kuma, sa'ad da duniya ta bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina tsawo da kauri a gonar nan. Tun da muka dawo gari, rabin abin da ke shiga rumbunmu daga kewayen gawon nan yake fitowa.

Inna gajeriya ce, siririya, da tsagar Gobirawa a kumatunta, carbi a wuya, goro a bakin zane. Ban taɓa ganin macen da ke tattalin wuta kamarta ba. In ta gama girki sai ta zare itacen da bai cinye ba ta turmusa shi a ƙasa, garwashin ta yayyafa masa ruwa ya zama gawayin gobe, tokar kuma ta tara a tsohon kwando a kai gona. Takan ce wuta baƙuwa ce, a ba ta abin da za ta ci, kar a bar ta ta ɗiba da kanta.

A shekarar nan masu kawo itace a kan raƙuma da jakuna sun daina zuwa, don daji ya gagari kowa. Ɗan abin da ke shigowa kasuwa ƙirare ne, ga tsada. Maigida tela ne, kuma ɗinki ya ja baya tun da mutane suka koma neman abin kaiwa baki. Cikina ya tsufa, abin da ya iya tarawa a ƙofar gida ko akuya za ta tsallake shi. Na ga abin yana cinsa. In ya dawo daga kasuwa ba ya kallon wajen.

Wata safiya sai ga shi da amalanken aro, wai shi da wasu abokansa za su shiga dajin wajen Kurawa su yi itace su dawo kafin azahar. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin zaure, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa.

Ta ce, "Kai wanga, in hita za ka yi, sai dai ka taka ni ka wuce."

Ya ce, "Inna, to mi za ni ce ma mutane?"

"Ka ce masu uwarka ta hana. Ni ba ni jin kunyar majalisa, ban zama cikinta."

Ya daɗe a tsaye yana murza hularsa. Can ya ce, "To a ba ni gawo. Shi ɗai ya isa arba'in, har a samu saura."

Ina daga ɗaki ina jin su. Inna ta ce, "Gawo ba icce na ba, rumbu na. Wa ka taɓa gani ya ƙone rumbu don shi dahwa ruwa?"

Ya mayar da amalanke, amma maganar ba ta mutu ba. Ni ma ban ga laifinsa ba. Tsorona yake ji, da kunyar idon mutane, kuma babu wani itacen da hannunsa zai kai gare shi sai wannan.

Na haihu a tsakiyar bazara, namiji. Washegari Gwaggo ta iso daga Isa a cikin jerin motocin da ke tafiya tare saboda hanya. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni, domin mahaifiyata ta rasu a jegon ƙanena, jikinta ya kumbura. Gwaggo ta tafi a kan cewa sanyi ne ya shige ta saboda ba a gasa ta yadda ya kamata ba, kuma tun daga lokacin ba ta yarda kowa ya yi mini wankan jego sai ita. Tana sauke ƙunshinta ta dubi ɗan tarin da ke ƙofa.

Ta ce, "Wanga shi na iccen jegon? Ni na ɗauka na gasa masara na."

Inna ta ce, "Sannu da hanya, mutuniyar Isa. Sha ruwa tukuna, kya hi jin daɗin hwaɗa."

Daga nan Inna ta shigo ɗaki ta karɓi jariri tana yi masa wasan jika. "Kai angon ƙarya, ko kwana ukku ba ka yi ba ka zo ka cinye mani gawo. Wane irin miji na wanga, ba cehwane sai ɓarna?"

Ashe tun kafin in haihu Inna ta aika wa ƙanenta, wanda muke kira Kawu, mai fataucin albasa zuwa wajen Maraɗi. Itacen ƙofa na gab da ƙarewa sai ga Kawu a kan babur da buhu biyu da wani murhun ƙarfe mai raga a ciki. Ya kwance bakin buhu ya zazzago wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi, suna ɗan ƙyalli kamar an shafa musu mai.

Ya ce, "Yaya, ga saƙonki. Can sharbon suke ce mai. Gawayin dutse na, daga cikin ƙasa ake tono shi, can arewa. Mata na girki da shi don a bar sare icce."

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta jinjina, ta sunsuna, ta yar. "Dutse za ku dahwa ma ɗiyata ruwa da shi? Mun ga zamani."

Ni kuwa ina gani na gane shi. Kwal ne. A sakandare an koya mana shi, cewa a Inugu ake haƙarsa, da shi jiragen ƙasa na da suke tafiya, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai ranar. Kuma a kwanakin nan da nake kwance, rediyo ba ta da zance sai nasa. Manyan ƙasashe na ta taro a kansa. Wasu na cewa a daina ƙona shi, domin hayaƙinsa na cikin manyan abubuwan da ke ɗumama duniya. Wasu na cewa su ba su gama gina masana'antunsu ba, da me za su kunna wuta? Ni ban san ƙasashen nan ba, amma na san damina ba kamar ta ƙuruciyata ba ce. Sai ta yi jinkiri har a fara fita roƙon ruwa, in ta zo kuma ta zubo gaba ɗaya, gulbi ya cika ya cinye fadama. Zafin bazara kuwa, tsofaffi ma cewa suke ba su san irinsa ba. Allah ne mai saukar da ruwa, ban taɓa shakka ba, amma malamai sun karantar da mu cewa ƙasa amana ce a hannunmu. Sai na ji abin ya tsaya mini a rai, a ce don wankana za a ƙara wa sama hayaƙi.

Na faɗa wa Inna da yamma tana gyara wa jariri shimfiɗa. Ta saurare ni har na gama, don ita ba ta katse mutum.

Ta ce, "Su waɗanga masu cewa a bari, da mi sunka dahwa nasu ruwa?"

Na ce, "Da shi, Inna. Shekara da shekaru."

"To. Sun yi wankansu sun gama arba'in, sun ce a kashe wuta." Ta yi dariya har tana tari. Sannan ta ce, "Ɗiyar nan, ni buhu biyu gare ni da icce guda. Bari mu hidda ke tukuna, sa'annan mu ji da duniya."

Kawu ya kunna musu na farko da kansa kafin ya juya, yana sauri kar yamma ta yi masa a hanya. Ya nuna yadda ake kunnawa, ya manta bai faɗi yadda ake kashewa ba. Wuta ta kama ta yi jajir, babbar tukunyar jego ta tafasa, Gwaggo ta yi mini wanka da ganyen dogon yaro, ruwa na ƙuna kamar yadda take so. Da aka gama, garwashi na nan da ƙarfinsa kamar yanzu aka fara. Inna ta dube shi, ta ga asara a fili. Ta yi abin da ta saba yi tun tana budurwa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta watsa masa.

Ina ɗaki na ji ƙara kamar an jefa ƙosai a mai, sai tas, tas, dutse na fashewa. Wani farin tururi ya turnuƙe tsakar gida, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani ɓarɓashi ya yi tsalle ya huda wa Gwaggo zane.

Gwaggo ta yi baya tana kakkaɓewa. "A'uzu billahi! Wagga ba wutar mutane ta ba! Dud da shekaruna ban taɓa ganin gawayin da ka ramuwa ba!"

Inna na tari tana cewa, "Shi ma baƙo na, bai san halin gidan ba."

Da safe jiƙaƙƙen dutsen nan ya ƙi kamawa. Aka yi fifita har hannu ya gaji, aka ƙona kara, aka ƙona tsumma, shiru. Ban samu wanka ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Gwaggo ta tura yaro kasuwa ya gaya wa maigida cewa ita fa ba ta zo Sabon Birni don ta binne wata ba. Ranar ya dawo gida da wuri, fuskarsa ba daɗi.

Abin da Inna ta yi daga nan shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Mace ce da ta haura saba'in, ba ta yi boko ba, ta kuma sha kunya a gaban Gwaggo. Wata da sai ta ce a kwashe duwatsun nan a zubar. Ita kuwa ta ɗauko kujerarta ta zauna gaban murhun nan wuni guda, kamar mai jinyar marar lafiya. Ta farfasa dutsen ƙanana da bakin tsohuwar taɓarya. Ta gwada shimfiɗa masa kara, ta gwada ɗan gawayin itace a ƙasa, ta juya bakin murhu wajen da iska ke fitowa. Kafin la'asar ta gane shi. Yana da wuyar tashi, in ya tashi kuma ba ya son a dame shi, kuma ba a kashe shi, sai ya ga dama ya mutu.

Tun da ba a iya kashe shi, sai ta jera masa aiki. Ana sauke ruwan wanka ta ɗora kunun kanwa, ana sauke kunu ta ɗora wake, bayan wake ruwan tuwo. Da ta ga har yanzu da sauransa, sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta, waɗanda yawancinsu irinmu ne, masu gudun hijira da ke girki da leda da tsinke. A da mace kan shigo da kasko ta ɗebi wuta ta tafi. Yanzu sai suka riƙa shigowa da tukwanensu suna jira a sauke a ɗora. Tsakar gidanmu ta zama kamar gidan biki, ina ɗaki ina jin hirarsu.

Wata ta ce, "Inna, wagga wuta taki ba ta gajiya?"

Inna ta ce, "Irin mutanen Isa ta, in ta hwara ba ta bari."

Gwaggo daga bakin ƙofata ta ce, "Ina jin ki. Ai gara mu, muna da amhwani."

Amma Inna ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Ba ta yarda a matso da murhun kusa da ɗakin jariri, kuma ko garwashin turare ba ta ɗiba daga cikinsa. Tokarsa ta fi ba ta mamaki. Ta murza ta a yatsa, ta ɗanɗana da bakin harshe, ta tofar. Ta hana a zuba ta a kwandon gona, ta sa aka riƙa cike wani rami da ita a bayan gida. Rannan tana shafa wa jariri mai ta ce mini, "Mutanen rediyon nan naki suna da tasu gaskiya. Na shaƙi hayaƙin nan, ƙirjina ya gaya mani. Icce in ka ƙone shi shina bar ma toka ka kai gona, wani ya tsiro. Wanga ba ya barin komi. Ranar wuya ɗai na ɗauke shi."

Mun wuce rabin arba'in da kaɗan buhu na biyu ya zo ƙarshe. Aka aika wa Kawu, ya aiko cewa iyaka ta yi tsanani, ko buhun albasa ba ya wucewa, balle dutse. Da safe maigida ya ɗauko gatari ya zauna a tsakar gida yana wasa shi a kan dutse, a fili, don kowa ya gani. Gwaggo na gefensa.

Ta ce wa Inna, "Ke kina da ɗanki a raye. Ni uwar yarinyar ga a hannuna ta cika. Icce dai icce na, a shuka wani."

Inna ta ce, "Gaskiyarki. Amma wanda za a shuka, ni da ke ba mu shan inuwatai, kuma yaran nan tuwo za su ci baɗi. Ku ba ni zuwa Juma'a. In ruwa ya huce ko sau ɗai, ni za ni riƙa mai gatarin."

Ni ina tsakani. Ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mana a wajen awo cewa ruwa mai tsananin zafi da yawan kanwa su ma suna wahalar da zuciyar mai jego. Amma ban iya duban idon Gwaggo in faɗa mata haka ba, matar da ta goya ni tana kukan uwata. Na yi ta addu'a Allah ya kawo mafita da ba za ta karya zuciyar kowa ba.

Ranar nan Inna ta fito da duk wani abin ƙarfe da ke gidan, baho da daro da bokitai da tukunyar jegon kanta. Ta sa yara suka cika su da ruwa tun da hantsi, ta jera su a inda rana ta fi duka, ta rufe da tsofaffin fallayen kwano. Ranar bazara a Gobir ba wasa ba ce, ko takalmi ka bari a waje sai ya gagare ka sawa. Da la'asar Gwaggo ta zo ta tsaya a kansu.

"Ruwan rana? Ruwan malalata ke nan. Wanga ba ruwan jego na ba."

Ta tsoma hannu a daro don ta nuna mana, sai ta fizge shi da sauri ta ɓoye a bayan zane. Inna ta ga abin, ta kau da kai tana gyara carbi. Aka juye ruwan a tukunya, ɗan dami ɗaya na kara ya kai shi tafasa. Na yamma ya samu ke nan. Saura na safe, wanda babu rana da za ta taimaka, kuma shi Gwaggo ta fi ba muhimmanci.

A can gefen gari akwai wani dattijon Bafillace da ya saba sauka da shanunsa a gonarmu ta Gatawa kowane rani. Shi ma an kore masa garke, ya tsira da 'yan shanu da ba su kai a kira su garke ba, duk sun rame. Mutanen gari na ƙyamarsa saboda abin da wasu suka aikata, ba mai barinsa ya shiga gona. Inna ta ƙulla goro ta ce wajensa za ta.

Maigida ya ce, "Inna, kin san abin da za a ce."

Ta ce, "Dattijon nan ya sha hura gidanmu tun kana yawo ba wando. In an ce, ka ce uwarka ta."

Abin da suka shirya shi ne na da can, wanda aka saba tsakanin manomi da makiyayi. Zai hau gawo ya sassaro rassa, shanunsa su ci ganye da 'ya'ya su kwana a gonar, itacen kuma namu. Mai jego ba ta fita, don haka ban gani da idona ba. Gwaggo ce ta bi su, wai don ta tabbatar ba a yi mata wayo ba, ita ta dawo ta ba ni labari, tana yi tana kwaikwayon muryar kowa.

Ta ce tsohon nan ya tuɓe takalmi ya yi bisimilla ya hau, duk da ƙayar gawo, kamar mai hawa gadonsa. Ya fara da busassun rassan da ke can sama, waɗanda suka shekara ba mai iya kai musu, suka yi ta faɗowa. Sannan ya koma kan ɗanyu. Inna na ƙasa ta ɗaga kai, hannu a goshi, tana ta ihu.

"Bar wancan! Arɗo, na ce bar wancan, shi ka ba gabas inuwa!"

Shi kuma daga sama yana cewa, "Ke Bagobira, ki bar ni. Ni baɗi ma ina son in dawo, ba ni kashe shi."

Ya sare na gefe har da na gabas ɗin, ya bar na tsakiya, ya bar kan itacen gaba ɗaya. Shanu suka rufa wa ganye har suna ture juna. Gwaggo ta ce da tsohon ya sauko ya ga yadda suke ci, sai ya juya baya yana goge ido da bakin rawani. Maigida ya faskara busassun da gatarin da ya wasa, ɗanyun aka baza a rana. Ya yi ta jigila har magariba, ya jibge su a ƙofar gida, gumagumai a ƙasa, faskare a sama. Maza masu wucewa masallaci suka yi ta tsokanarsa.

"Tela, wata haihuwar za a yi kuma?"

Yana dariya yana cewa, "Ku dai ku yi addu'a."

Ban ji dariyarsa irin ta ranar ba tun da muka baro Gatawa.

Itacen ya kai mu arba'in da ƙyar, an haɗa da busasshen kashin shanu da dattijon ke aiko mana. A kwanakin ƙarshe ruwan safe bai kai zafin na farko ba. Na sani, Gwaggo ma ta sani, don hannunta ke ciki. Sai dai ta riƙa matsa mini ƙafafu kowace safiya tana duba ko sun kumbura, in ta ga lafiya ta ce alhamdu lillahi a hankali. Ranar da za ta koma Isa, Inna ta raka ta har tasha. Yara suka ce sun ga su biyun suna raba goro ɗaya, Gwaggo na cewa, "Ke dai Allah shi bar ki da taurin kanki."

Da aka buɗe hanya Kawu ya sake kawo gawayin dutse. Inna ta karɓi buhu ɗaya ta ce ya isa, ta sa aka ajiye shi da murhun a ƙarƙashin rumbu saboda wata maƙwabciya da cikinta ya tsufa. Har yau in na ji rediyo na gardamar kwal, masu cewa a bari yau da masu cewa sai gobe, ba na iya ɗaukar gefe da zafi kamar da. Na ga ranar da ya fitar da mu, na kuma shaƙi warinsa.

Fitata ta farko bayan arba'in, kafin in je gaida kowa, gona na nufa da jariri a baya. Da na hango gawon sai na tsaya cak. Ya zama kamar kan da wanzami mai sauri ya aske, gefe da gefe duk dungu, inuwarsa ba ta fi tabarma biyu ba. Inna na ƙarƙashinsa tana farfasa taki da fartanya.

Na ce, "Inna, ya rame."

Ta ce, "Ya rame. Ban sani ba ko mun yi mai yawa. Sai kaka ta gaya muna."

Da damina ba a gane lafiyar gawo, tun da dama tsirara yake tsayawa. Haka muka yi watannin nan ba mu sani ba. Gero ya yi kyau a gindinsa saboda takin shanu, amma Inna ba ta ko yaba ba, kullum idonta na sama. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sauran gawon da ke gonakin mutane suka fara kore, namu shiru. Ta rage cin abinci. Kowace safiya bayan ta idar da lazimi sai ta ɗauki sandarta ta tafi gona ta dubo shi.

Wata safiya ina tankaɗe na ji sallamarta tun daga zaure, da ƙarfi, ba irin ta kullum ba. Ta shigo da sauri har mayafinta na jan ƙasa. A hannunta wani ɗan tsinke ne mai ganye ƙanana, kore shar, wanda ta tsinko daga jikin dungun da aka sare. Ta wuce ni ta je wajen yaron, yana zaune a tabarma yana cin hannunsa, ta ɗora masa a cinya.

Ta ce, "Ga shi nan, ango. Duk dungun sun tsiro, har na gabas. Ba ka ci nasara ba."

Yaron ya damƙi tsinken zai kai baki. Ta ƙwace tana dariya, ta ce mini in ɗora mata ruwan kunu, yunwa take ji.